Bawa Tela da Baƙon Gandun Daji

A Nassarawo ta Jimeta, zamanin da Maiduguri ce babban birnin jiharmu, an yi wani tela ana ce da shi Bawa. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, ko kuwa wadda ta biyo bayanta, wannan kam ya ɗan shige duhu. Abin da bai shige ba shi ne bakin Bawa.

Ɗinki dai ya iya, ba mai ja. In ya kafa maka aljihu, riga ta mutu aljihu yana nan. Amma shi a ganinsa ɗinki ƙaddara ce kawai ta faɗa masa, asalinsa mutumin daji ne. Dalili kuwa, tun kafin a sami 'yancin kai wani Bature maharbi ya taɓa tafiya da shi dawa don ya riƙa yi masa facin tanti. Daga bakin tantin nan Bawa bai gusa ba har aka dawo. Amma labarin da ya zo da shi kullum ƙara girma yake. Da farko kura ya hango. Daga baya damisa ce ya kora da almakashi. Kafin a raba jihohi har ya kai ga zaki, wai sun haɗa ido, zakin ya sunkuyar da kai.

Maƙwabcinsa Bobboyi dillalin shanu ne, Bafulatanin Yola, dogo siriri, ba ya dariya da sauti, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a bencin rumfar Bawa, ba don ɗinki ba.

"Tela, zakin nan naka, bara ka ce ɗaya ne."

"Da matarsa. Ai ban ƙarasa maka ba ka tashi."

"To, baɗi sai mu ji 'ya'ya."

"Kai me ka sani ban da wutsiyar saniya?"

Ana nan, wata rana Malam Hayatu, wani ma'aikacin kula da dazuzzuka da ke zaune a Karewa, ya kawo kaki a ɗinka masa. Sabon zuwa ne garin, bai san Bawa ba. Bawa yana auna masa kafaɗa yana zuba labarin zaki, Malam Hayatu ya juyo da sauri har tef ya faɗi.

"Ashe kai nake nema!"

Ya ce an killace wani daji can kudu, a wuce Ganye, a wuce Toungo, har inda hanya take ƙarewa. Gandu ne na namun daji, an hana farauta, so ake baƙi su riƙa zuwa kallo, amma har yau ba baƙon da ya taka wurin. To ga wani Bature, Mista Albert, ya iso da na'urar ɗaukar hoto, shi kuma Malam Hayatu an kira shi taro Maiduguri.

"Ka kai shi. In na dawo zan biyo ku. Muddin na tarar ya ga abin da ya zo gani, aikin ja-gaban gandun naka ne. Kaki, hula, da kujerar gaba a mota."

Kujerar gaba a mota! Bawa ya rufe keken ɗinki tun kafin azahar, ya nufi gida yana tafiya kamar mai bin sawu.

Matarsa Hansai tana gyaran kifi a tsakar gida ya kwashe labari ya faɗa mata. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Maigida, shekaranjiya da jaba ta shiga ɗaki, wa ya fita ya ce zai je masallaci?"

"Lokacin salla ne."

"Da hantsi?"

"Nafila. Ke dai ki shirya zama matar ma'aikaci."

"Ai da ni za a tafi," in ji Hansai. "Baturen zai ci abinci dai ko? In dafa masa, in kuma ga zakin nan naka da idona, in gaida matarsa."

Bawa ya zauna ya yi dogon tunani, abin da bai saba ba. Ya sha ganin yadda manya suke fita rangadi: a aika tun da wuri, a share gari, a tare su da kiɗa. Ya ce a ransa, babban baƙo ba a shiga da shi wuri shiru kamar ɓarawon akuya. Nan ne wasu za su yi kuskure, shi kuwa ya san girman baƙo. Sai ya kira Bobboyi, tunda abokan cinikinsa suna bin hanyar kudu da shanu.

"Ka aika wa Jauro, dagacin ƙauyen ƙarshe. Wa yake da suna?"

"Jauro Hamajoɗa."

"A gaya masa babban baƙo yana tafe, zai sauka a bakin tafkin da namun daji suke shan ruwa. A gyara wuri. A yi duk abin da ya kamata. Kada a ji kunya."

"Haka zan faɗa?"

"Ka ƙara gishiri ma."

Bobboyi ya ƙara. Ya kuma ce shi ma zai bi su a matsayin tafinta, don Fulatancin Bawa bai wuce gaisuwa ba. Bawa ya je ya ɗauko Salihu mai kalangu, wai tafiyar girma ba ta yiwuwa ba makaɗi.

Ranar tafiya Landiroba ta tsaya a ƙofar rumfa, direbanta Apollos, mutumin Numan, gajere mai faɗa. Kafin ya kashe mota unguwa ta cika ta. Wannan tana da buhun busasshen kifi da za a sauke wa ɗiyarta a Mayo Belwa, wancan tsoho zai sauka a Jada, wani ya miƙo kaji a kai wa surukinsa a Ganye. Bawa ya fito cikin kakin da ya ɗinka wa kansa, aljihu a ƙirji, aljihu a cinya, aljihu a hannu, har ya rasa inda ya sa goronsa.

Mista Albert ya yi shekaru a Kano yana awon gyaɗa, saboda haka yana jin Hausa, sai dai yana furta ta a hankali kamar mai taka ƙaya. Ya leƙa bayan mota.

"Malam Bawa, duk waɗannan masu kallon dabbobi ne?"

"'Yan rakiya ne, ranka ya daɗe."

"Har kaji?"

"Su ma."

"Oga, motan nan ba jirgin ruwa ba ne fa," in ji Apollos. "In taya ya fashe, telan nan zai ɗinke shi."

Aka kama hanya, Salihu yana kiɗa, kaji suna amsawa. Aka yi ta sauke mutane gari gari, hanya tana ƙara tsukewa, duwatsu suna ƙara tsawo. Bayan Toungo, a wani gangare, Bawa ya daka tsawa a tsaya. Ya diro, ya durƙusa a kan wasu sawu, ya shinshina ƙasa, ya ɗaga yatsa.

"Ɓauna! Ƙatuwa, mai fushi. Yanzun nan ta wuce."

Mista Albert ya zaro na'urarsa. Aka yi tsit. Ciyawa ta motsa, ta dare, wata tsohuwa ta fito tana jan jaki da itace a bayansa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya, ta wuce.

"Ɓaunan nan yana da ladabi," in ji Bobboyi.

"Jakin ya taka sawun ne ya ɓata shi," in ji Bawa. "Mu je."

A wani rafi kuma ya ce shi ya san ruwa, ya shiga gaba yana yi wa Apollos nuni da hannu, ya kai mota daidai inda yashi ya fi laushi. Sai da mutanen wata ruga suka zo da igiya aka fita. Apollos kuwa ya riƙa kallon wuyan Bawa.

Da suka doshi ƙauyen Jauro Hamajoɗa, Bawa ya gyara hula ya ce wa Bature, "Yanzu za ka ga aiki."

Bai rufe baki ba bindigogin toka suka tashi gaba ɗaya. Ganguna suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, karnuka suka haukace, Salihu ya ji an taɓa sana'arsa ya matse kalangu har idonsa ya fito. Duk tsuntsun da ke dajin ya tashi, sama ta yi baƙi, suka miƙa sai Kamaru. Mista Albert ya dafe kai yana kallon su har suka ɓace.

Jauro Hamajoɗa dattijo ne mai farin gemu da mashi a hannu. Ya riƙe hannun baƙo yana ta yi masa maraba da Fulatanci, "Jaɓɓama, jaɓɓama," aka yi gaisuwa har ƙafa ta gaji, sannan ya ja su bakin tafki don su ga aikin da aka yi.

An yi aiki kam. Duk ciyawar da ke kewaye da tafkin an yanke ta, an ƙone, an share tas. An jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa. An kafa rumfa an shimfiɗa tabarmi. Jauro ya yi dogon jawabi da Fulatanci, Bobboyi yana fassarawa, kafaɗunsa sun fara motsi.

"Ya ce tun da saƙonka ya iso ba su zauna ba. Ya ce samari da karnuka da ganguna sun bi dajin nan gaba da baya. Ba su kashe ko ɗaya ba, tunda gwamnati ya hana, kora kawai suka yi, har bayan dutse. Ya ce ka kwantar da hankalin baƙonka, ko zomo bai rage ba."

Bawa ya shiga laluben aljihu yana neman goro.

"Malam Bawa," in ji Mista Albert, "ina dabbobi?"

"Kunya suke ji, ranka ya daɗe. Ba su saba da baƙi ba. Gobe za su saki jiki."

Bawa ya ja Jauro gefe, don ya ga an kewaye rumfar da samari masu gora, kowane da karensa. Ya roƙa a janye su ko na yini ɗaya ne. Jauro ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa da Hausarsa.

"Baƙo ya zo ƙasana, dabba ya taɓa shi, in je Yola in ce me? Kakana bai yi wannan kunya ba, ni ba zan fara ba."

Washegari da sassafe Mista Albert ya zauna a rumfa ya kafa na'ura yana fuskantar tafki. Ƙauye kuma kaf ya zo ya zauna a bayansa, don a ga yadda Bature yake kallo. Masu nono suka sauke ƙwarya, wani ya kawo rake, aka buɗe kasuwa. Rana ta ɗago. Wata kaza ta zo ta sha ruwa ta tafi. Can wata akuya ta biyo bayanta.

"Malam Bawa."

"Ranka ya daɗe, ai namun daji kamar sarakuna suke, sai da kirari. Salihu, taɓa mini!"

Salihu ya taɓa. Bawa ya tsaya a bakin ruwa, ya toshe kunne ɗaya, ya buɗe maƙogwaro.

"Fito, mai gida a kan dutse! Fito, jan wuya mai hana makiyayi barci! Ga Bawa abokinka ya zo da baƙo!"

Ba abin da ya fito ta gaba. Ta baya kuwa, inda Hansai ta bar tukunyar shinkafa tana hucewa ta zo kallo, wani garken bika, manyan birai, da aka kora ya ji ƙanshi ya kasa haƙuri. Sai ihun Hansai aka ji. Da aka waiwaya, ga babbansu zaune ya rungume tukunya yana ci da hannu biyu, ƙanana suna rabon kifi, wani ya kifa murfi a ka.

Fuskar Mista Albert ta yi haske. Ya cicciɓi na'ura ya juya ta, yana lalube, yana cewa a yi shiru. Ina! Samarin Jauro sun ga dabba kusa da baƙo. Suka zabura da gora da karnuka, kafin ya kai ido ga gilashi ba bika ba alamarsu, sai ƙura.

"Don Allah!" in ji Mista Albert, muryarsa kamar zai yi kuka. "Ku bar mini biri ɗaya!"

"Useko, mun gode, ba komai," in ji Jauro yana murmushi. "Aikinmu ne."

"Da tukunyata suka tafi," in ji Hansai. "Sarkin Dawa, tunda abokanka ne, sai ka je ka karɓo."

Ana cikin haka wani mai keke ya iso ya ce ya baro motar Malam Hayatu a bakin rafi ana tura ta, kafin la'asar za ta iso. Mista Albert ya fara naɗe kayansa a hankali.

"Malam Bawa, kai mutumin kirki ne. Amma in Malam Hayatu ya tambaye ni, zan faɗa masa abin da na gani. Kaza ɗaya, akuya ɗaya, da jaki."

Bawa ya ji kujerar gaba tana zamewa daga ƙarƙashinsa. Bakinsa kuwa ya saba riga hankalinsa fita.

"Kada ka naɗe, ranka ya daɗe. Yau da la'asar za ka ga zaki."

"Zaki?"

"Da kansa. Mun san juna."

Ya shige bukkar da aka sauke su ya ja asabari. Ya kwance buhunan algarara da aka zo da kaya a ciki, ya samo damin zaren rama a bayan bukka ya turmuza shi cikin jar ƙasa, ya ciro allura da zare daga aljihun cinya. Nan fa aka ga gwani. Ya yanka, ya haɗa, ya yi kai da kunnuwa, ya dasa geza har tana jan ƙasa, ya tufka wutsiya ya ɗinke ta ninki biyu. Hannu ya saba, kafin ya farga har ya kafa wa zaki aljihu a gefe, da murfinsa. Ya duba ya ga ya yi kyau, ya ƙyale shi.

Hansai da Bobboyi suka leƙo tare.

"Innalillahi," in ji Hansai. "Maigida, wa ya kawo ɗinkin?"

"Rufe mana baki. Bobboyi, zo ka shiga ta baya, ka zama ƙafafun baya. Zakin zai fi tsawo."

"Ni? Ɗan Yola ya yi rarrafe a bayan tela? Kay. Sai dai in gaya wa Jauro ya riƙe yaransa."

"Kada ka kuskura! In Jauro ya ji, ƙauye ya ji, Bature ya ji. Ni ta can ƙetaren tafki zan ɓullo, nesa. In nuna geza, in yi gurnani cikin tulu, ya ɗauki hotonsa, in koma. Bindiga kuwa ba abin tsoro, na tambaya, albarushi duk ya ƙare wajen yi mana maraba."

"Ka tambayi karnuka?" in ji Hansai.

Bawa ya riga ya sa kai cikin buhu, bai ji ba.

La'asar ta yi, rana ta yi sanyi. Motar Malam Hayatu ta iso, aka yi masa guɗa, ya zauna a rumfa kusa da Mista Albert yana kallon sharar da aka yi da duwatsun da aka shafe, ya kasa gane ko gandun daji ya zo ko filin makaranta.

"Ina Bawa?"

"Ya je kiran zaki," in ji Mista Albert.

Sai aka ji wani gurnani daga ƙetaren tafki, mai zurfi, kamar daga cikin rijiya. Kasuwa ta yi tsit. Daga bayan wani suri, wurin da ciyawa ta ɗan rage, wani jan kai mai geza ya leƙo. Ya fito a hankali, ya tsaya, ya girgiza geza. Gaskiya daga nesa, da hasken yamma a bayansa, ba laifi. Mista Albert ya kafa ido a gilashi, na'ura ta fara ƙyas, ƙyas. Malam Hayatu ya ɗauki tabaron hangen nesa na Baturen ya kafa a ido. Ya daɗe yana kallo. Ya sauke, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake kafawa.

"Mista Albert," ya ce, "zakin nan yana da aljihu."

Amma Jauro Hamajoɗa ba shi da tabarau. Abin da ya gani shi ne zaki, a ƙasarsa, a gaban baƙi har biyu, bayan ya ba da kalmarsa cewa ko zomo babu. Ya miƙe tsaye, gemu yana rawa, ya ɗaga mashi ya kwarara kira da Fulatanci. Samari suka kasu biyu suka zagaye tafki, karnuka a gaba.

Zaki ya ga abin da ke tafe. Ya ɗan ja da baya da ƙafa huɗu, ya ga huɗun ba sa sauri, ya miƙe a kan biyu ya zura da gudu. Geza ta rufe masa ido, ya yi karo da suri, ya tashi, ya juya, maimakon daji sai ya nufo rumfa yana ihu cikin buhu.

"Ni ne! Ni ne! Ku riƙe karnuka!"

Zaki mai tafiya a tsaye, yana kuma Hausa! Masu nono suka watsar da ƙore, mai rake ya haye rumfa, rumfa ta rushe a kan Salihu da kalangunsa. Apollos ya shige mota ya kulle ƙofa, sannan ya gane muryar, ya buɗe taga ya leƙo.

"Ku kama shi! Shi ne ya sa mini mota a yashi!"

Akwai wata kanya a bakin tafkin. Bawa, wanda bai taɓa hawa ko katanga ba, ya dafe ta kamar ƙadangare. Wani baƙin kare ya yi tsalle ya cafke wutsiya. Da ɗinkin wani ne da ta tsinke kowa ya huta, amma ɗinkin Bawa ne, ninki biyu. Haka ya hau reshe da kare yana lilo a ƙarƙashinsa, kare ya ƙi saki, wutsiya ta ƙi yankewa.

Jauro ya iso yana haki, ya gyara riƙon mashi. Hansai ta ratsa taro ba gaggawa, ta tsaya a gabansa.

"Baba Jauro, a yi haƙuri a bar shi. Mijina ne."

Jauro ya dubi sama, ya dube ta.

"Mijinki zaki ne?"

"Haka yake faɗa a Jimeta."

Bobboyi ya zauna a ƙasa. Ranar ce kaɗai aka taɓa jin dariyarsa da sauti, kuma ba daɗi gare ta ba. Mista Albert kuwa yana zagaya kanya yana ɗaukar hoto ta kowane gefe, hawaye yana bin kumatunsa.

Malam Hayatu ya zo ya tsaya a gindin bishiya, hannu a baya.

"Bawa."

"Ranka ya daɗe," in ji zaki.

"Cire kan nan in ga wanda nake magana da shi."

Bawa ya cire. Zufa da jar ƙasa sun haɗu sun yi masa fenti.

"Wa ya ce a share tafki a kori dabbobi?"

"Ni cewa na yi a gyara wuri."

"Gyara ka ce, mun gyara," in ji Jauro. Sai da Bobboyi ya share hawaye ya yi masa bayani da Fulatanci cewa baƙon dabbobin ya zo gani, su ɗin da aka kora. Jauro ya riƙe baki.

"Daga ƙasan Turawa ya zo don ya ga ɓauna? Ɓaunan da yake cinye mana dawa? To me ya hana a faɗa? Da ya zauna shiru a kan dutsen can, da ya gani har ya gaji." Ya yi tsaki. "Yanzu kam sai ciyawa ya fito. Bayan damina."

"Zan dawo bayan damina," in ji Mista Albert. "Amma ba kalangu."

Bawa ya gyara zama a reshe, ya yi ƙarfin hali.

"Ranka ya daɗe, amma dai a duba. Alkawari shi ne baƙo ya ga abin kallo. Ga shi nan yana dariya."

"Ya gani," in ji Malam Hayatu. "Ni ma na gani. Aikin ja-gaba kuwa, ka cire shi daga ranka. Ku cire masa karen nan ya sauko."

A hanyar komawa Hansai ce ta zauna a gaba, don Apollos ya rantse in tela ya matso kusa da shi ba zai tuƙa ba. Bawa ya zauna can baya a kan tayar ko-ta-kwana, tare da ragon da Jauro ya ba baƙo, rago yana cin gezar zaki har Jimeta.

Labari kuwa ya riga su isa, masu shanu sun kai shi. Aka yi kwanaki yara in za su wuce rumfar Bawa sai su yi gurnani su ruga. Mata suka riƙa aiko da tambaya wai ko yana ɗinka damisa. Bawa ya sunkuyar da kai a kan keke, ba ya cewa uffan, har mutanen unguwa suka fara jin ba daɗi, don rumfar ta yi shiru kamar gidan makoki.

Bayan damina, wata rana da hantsi, Bobboyi ya zo ya zauna a benci.

"Tela, ka ji an ba da aikin?"

Keke ya ci gaba da ƙara.

"Wani Jibrilla, mutumin Toungo. An ce ya kai Baturen ya ga ɓauna, ya ga gwanki, har da damisa a kan dutse. An ce ya san dajin nan kamar tsakar gidansu."

Keke ya tsaya. Bawa ya ɗago riga, ya ciji zare, ya tofar. Ya jingina da bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya dubi Bobboyi da tausayi.

"Ya san daji," ya ce. "Ta waje ya san shi. In ka gan shi ka tambaye shi, shi ya taɓa zama zaki?"